Darasi A Kan Notin Ƙafar Tsohuwar Tarakta

Ya ɗan'uwa mai karatu, abin da za mu koya yau ƙarami ne ga ido, amma ran mutum yana rataye da shi. Idan ƙafar tarakta ta kwance a kan gangare, injin ya kan kife, mai tuƙi kuwa yana bisa. Domin wannan ka kasa kunne ka ji yadda a ke sanin notin da ya dace. Notin da mu ke nufi shi ne mai kai da dogon jiki, wanda ya ke ratsa wili ya shiga ramin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa. Tsagar nan da ta nannaɗe jikinsa za mu kira ta zare.

Ƙananan taraktocin lambu sun yawaita a Amurka. Kamfanin International Harvester ya fid da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, John Deere kuma ya fid da mai lamba 110 a 1963. A wancan zamani maƙeransu da inci su ke awo. Da yawa cikin injunan zamanin nan suna da noti 5 a ƙafar baya, kaurin kowane 7/16 na inci, da zare 20 cikin inci ɗaya. Amma kada ka dogara ga wannan kaɗai, gama injin da ya tsufa ya bi ta hannuwa da yawa, wataƙila wani ya rigaya ya sake masa ƙarfe.

Ka sani zare iri-iri ne. Joseph Whitworth na Ingila ya tsara nasa a 1841, William Sellers na Amurka ya kawo wani a 1864. Sai a 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka daidaita a kan ma'aunin inci guda. Yawancin sauran ƙasashe kuwa da milimita su ke aiki. Saboda haka noti biyu su kan yi kama kamar tagwaye, alhali ba gidansu ɗaya ba.

Ka kwance noti ɗaya mai lafiya daga ƙafar, ka wanke shi da kananzir, ka auna abu huɗu.

Na fari, kauri. Ka auna jikin a inda zare ya ke. 7/16 na inci ya ɗara milimita 11 kaɗan, rabin inci kuwa milimita 12.7 ne. Lambar da ke jikin sifana faɗin kan noti ta ke nunawa, ba ta gaya maka kaurin jikinsa ba. Mutane da yawa a nan su ke tuntuɓe.

Na biyu, zare. Ka aza rula, ka ƙirga tudun zare cikin inci ɗaya. Notin 7/16 yana da mai 14 da mai 20, na rabin inci yana da mai 13 da mai 20. In ka sami sabo, ka kwantar da shi jikin tsohon, ka ɗaga su ga haske. Idan haƙoransu sun shiga juna sarai, ba haske a tsakani, zarensu ɗaya ne.

Na uku, tsawo. Wanda ya shiga ramin kada ya gaza kaurin notin kansa. Idan kuma ya yi tsawo ainun, zai leƙa ta baya ya goga jikin injin sa'ad da ƙafa ta ke juyawa.

Na huɗu, wuya. Notin ƙafa da yawa suna da wuya mai gangara ƙarƙashin kai, wanda ya ke zama cikin bakin ramin wili ya tsai da shi a tsakiya. Noti mai shimfiɗaɗɗen kai ba ya iya wannan aiki. Wili zai riƙa motsi, ramukansa su buɗe, har ya lalace.

Ga wani tarko da ya kamata ka kiyaye. Notin milimita 12 mai tazarar zare 1.25 ya kan shiga ramin rabin inci mai zare 20 da sauƙi, gama tazarar wannan milimita 1.27 ce. Mutum ya ga ya shiga, ya yi murna. Amma ya fi ramin siranta, bakin zare kaɗai ya kama, ran da nauyi ya hau sai ya zame. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ka duba kan notin kuma. A ma'aunin inci, zane 3 alamar daraja ta 5 ce, zane 6 ta 8 ce. Na milimita lamba a ke buga masa, kamar 8.8 ko 10.9. Wanda ba shi da alama ko kaɗan, kada ka sa shi a ƙafa.

Sa'ad da za ka ɗaura, ka tokare injin da gungumen itace, kada ka amince da jak kaɗai. Ka fara juya kowane noti da yatsu. Idan ya cije tun farko, ka tsaya, kada ka tilasta shi da sifana, gama zaren rami in ya mutu gyaransa da wuya. Ka ɗaure su kaɗan-kaɗan, kana tsallake ɗaya ka kama na gaba, har ka kewaye duka. Bayan aikin yini ɗaya ka sake gwada su.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa, noti cikin rami ya ke, ba mai ganin zarensa. Idan ka gyara injin maƙwabcinka ka cusa masa wanda bai dace ba, shi ba zai sani ba sai ranar hatsari. In ba ka sami na daidai ba, ka faɗa masa gaskiya, injin ya kwana biyu a tsaye.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu a ke aunawa a jikin noti?
2. Don me lambar sifana ba ta isa shaida ba?
3. Me za ka yi idan noti ya cije tun farkon juyi?