Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kura Zuwa Gaɓar Teku a Badagry

Wani mai sauraro daga Kura, manomin shinkafa, ya ce bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga girma ba, yana neman inda zai je ya ga teku bayan girbi.

To, Malam ya nufi Badagry, tsohon garin tashar jiragen ruwa a yammacin jihar Legas, daf da iyakar Jamhuriyar Benin. Daga nan Turawa suka riƙa lodin bayi zuwa nahiyar Amurka. Har yau sarƙoƙin da aka ɗaure su da su na nan a gidan tarihi na iyalan Mobee, ga kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845.

Kwalekwale zai tsallakar da shi zuwa tsibirin Gberefu, ya taka sawu ta hanyar da bayin suka bi, har ya ɓulla kan rairayi da itatuwan kwakwa, Tekun Atlantika na tumbatsa a gabansa.

Sai dai wanda ya koyi iyo a kanal ɗin Kadawa kada ya ce ya iya. Igiyar ruwan tekun nan tana da ja sosai. Ya tsoma ƙafa, ya sha ruwan kwakwa, ya ɗauki hoton da zai nuna a Kura.