Yaro naƙasasshe ma ɗan lakwal ne

A arewacin birnin Yamai akwai wata babbar unguwa mai suna Lazare. Sunan daga Faransanci ya fito. Ma'anarsa wurin da ake keɓe masu ciwo nesa da jama'a. Yau Lazare cike take da gidaje da kasuwa da lakwal-lakwal na gwamnati. Amma a nan, kamar a karkara, akwai yaran da har yanzu a keɓe suke: makafi, kurame da guragu. Da safe ƴan'uwansu su tafi lakwal, su kuwa a bar su a gida, ko a tura su bara.

Daga ina naƙasa take zuwa?

Wani yaro da ita ake haihuwarsa. Wani kuwa ciwo ne ya bar masa ita. Sanƙarau yana kashe kunne. Ƙyanda tana iya kashe ido, musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki. Shan inna yana kashe ƙafa. Dukan cututtukan nan uku suna da allurar rigakafi. Naƙasa ba laifin uwa ba ce, ba abin kunya ba ce. Idon yaro ko kunnensa ko ƙafarsa ne ya samu matsala, hankalinsa na nan lafiya lau.

Me doka ta ce?

A shekara ta 1993 gwamnatin Nijar ta fito da dokar kare naƙasassu. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, kuma ta tanadi ilimi na musamman domin naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Disamba 2019 aka sake kafa wata doka domin a shigar da su cikin harkokin ƙasa. Saboda haka uban da ya kai ɗansa gurgu lakwal ba alfarma ya je roƙo ba. Haƙƙin yaron ya je nema.

Yaya suke karatu?

Makaho da yatsa yake karatu. Rubutunsa ana ce masa baraye, da sunan Luwi Baraye, wani mutumin Faransa da aka haifa a 1809. Ya makance tun yana ƙaramin yaro, kuma ya fitar da littafin rubutunsa a 1829. Kowane baƙi ana yin sa da ɗigo masu tudu, daga 1 zuwa 6. Yaro yana huda takarda mai kauri da tsinke daga dama zuwa hagu. Sa'an nan ya juya ta, ya shafa daga hagu zuwa dama. A Yamai akwai lakwal ta makafi mai suna Soli Abdurahaman, wadda ta fi shekara 40 tana aiki. In yaro ya gama firamare, sai ya shiga kwaleji tare da masu gani. Akwai makafin da suka kai har jami'a.

Kurma da ido yake ji. Malaminsa yana koya masa da maganar hannu, yana kuma rubutu a allo kamar kowa. Akwai lakwal ta kurame a Yamai mai suna Hasan Bana Ba, akwai kuma a Maraɗi da Damagaram.

Gurgu ba ya bukatar lakwal ta dabam. Keke ko sanda, ƙofar aji marar matakala, da makewayin da zai iya shiga, sun ishe shi.

Lakwal-lakwal na musamman ba su da yawa, kuma a manyan birane suke. Shi ya sa ake horar da malamai domin su karɓi naƙasassu a aji ɗaya da sauran yara. Mai raunin gani ko raunin ji a zaunar da shi a gaba, kusa da allo. Malam ya fuskance shi in yana magana, ya yi rubutu manya-manya.

Abin da uwaye za su yi

1. A yi wa yaro takardar haihuwa. Za a neme ta wajen rubuta shi da wajen jarrabawa.
2. A kai shi gidan likita da wuri, a duba ido da kunne.
3. Kafin a koma lakwal a watan Oktoba, a je wurin darakta a rubuta sunansa.
4. In an ƙi karɓarsa, a kai maganar gaban kwamitin lakwal, ko wurin sufeto.
5. A samu ɗan'uwa ko maƙwabci da za su riƙa tafiya tare.

Kuɗin bara na yini ɗaya ne. Uwaye za su tsufa, wata rana ba su nan. Yaron da ya iya karatu da lissafi da sana'a shi zai riƙe kansa, har ya riƙe wasu.

Tambayoyi

1. Yara naƙasassu nawa ne a garinku? Nawa ke zuwa lakwal?
2. Me ke hana sauran zuwa?
3. Wa zai je ya ga darakta kafin watan Oktoba?