Darasin Noma: Wata, Taurari da Shirin Lambu a Kaka

Idan ruwan sama ya fara ɗaukewa, aka yanke gero, dawa ta fara nuna, sai hankalin manoma ya koma fadama. Haka abin yake a Diggi, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, da sauran garuruwan ƙasar Gwandu. Lokaci ne na shirin lambu, wanda wasu ke kira garka. Albasa, tumatir, tattasai da attarugu su ne ke riƙe gida da rani. Magidancin da lambunsa ya yi kyau ba ya bukatar tafiya cin rani.

Amma irin albasa yana da tsada. Wanda ya zuba shi da wuri, ruwan sama zai buge shi ya ruɓe. Wanda ya makara, zafi zai tarar da albasarsa ba ta girma ba, sai ta yi 'yan ƙananan kawuna. Saboda haka babbar tambaya ita ce: yaushe ake zuba iri? Wasu suna duba wata. Wasu suna bin taurari. Wannan darasi zai bayyana amfanin kowanne.

WATA BA YA BIN DAMINA

Watan sama kwana 29 ne ko 30. Watanni 12 na Musulunci suna ba da kwana 354. Amma daga damina zuwa wata damina kwana 365 ne. Ke nan shekarar wata ta gaza shekarar noma da kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagayawa. A shekarar 2010 an fara azumi a watan Agusta, ana tsakiyar damina. A 2015 an fara shi a watan Yuni. A 2025 kuwa an fara shi a farkon watan Maris. Sai bayan kamar shekara 33 yake komawa inda ya taso.

Ga misali. A ce wani manomi ya zuba irin albasa ranar Mauludi a shekarar 2021. Ranar ta faɗo 19 ga Oktoba. Ruwa ya ɗauke, iri ya yi kyau, ya samu albasa mai yawa. Sai ya ce daga yau Mauludi ne ranar zuba irinsa. To, a shekarar 2025 Mauludi ya faɗo 5 ga Satumba. Ranar ta matso da kwana 44. A farkon Satumba kuwa ana ruwa mai ƙarfi. Idan bai ɗaga wurin renon ba, bai yi masa rumfa ba, zai yi asarar iri da kuɗinsa.

Wata shi ne ma'aunin ibada. Da shi ake sanin azumi, da salla, da aikin hajji. Amma sunan wata ba ya gaya wa manomi ko kaka ta shiga.

LISSAFIN TAURARI

Tun da daɗewa malamai suna da wani lissafi wanda yake tafiya daidai da shekarar noma. Shi ne lissafin taurari. Taurarin guda 28 ne. Kowanne yana yin kwana 13, sai Jabha kaɗai mai kwana 14. Idan aka haɗa, an sami kwana 365. An raba su kashi huɗu: bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari.

Taurarin kaka su ne waɗannan:
1. Sarfa
2. Iwa
3. Simak
4. Gufru
5. Zubana
6. Iklil
7. Ƙalbu

Sarfa tana shiga wajen ƙarshen watan Agusta. Simak tana shiga wajen ƙarshen Satumba, Gufru kuma a mako na biyu na Oktoba. Ƙalbu tana fita wajen ƙarshen Nuwamba, daga nan sai ɗari. Wannan lissafi ba ya zagayawa kamar azumi. Bana da baɗi duk lokaci ɗaya ne. Watannin kalandar bango, su Satumba da Oktoba, su ma haka suke.

Ga mai lambu, kwanakin Simak da Gufru su ne lokacin zuba irin albasa da tumatir da tattasai. Kwanakin Iklil da Ƙalbu zuwa farkon ɗari su ne lokacin dashe. Dalili shi ne waɗannan kayan lambu suna son sanyi. Albasa tana bukatar ta yi lawashi da yawa cikin hunturu kafin ta fara kai. Tumatir kuma yana zubar da fure idan zafin bazara ya same shi.

ALAMOMIN DA IDO KE GANI

Lissafi kaɗai bai isa ba, domin ruwan wata shekara yakan daɗe bai ɗauke ba. Manomi ya haɗa da abin da idonsa ke gani. Raɓa tana yin yawa da asuba. Shamuwa tana barin gari. Gawo, wanda ya tsaya ba ganye duk damina, yana fara toho. Iska tana juyawa ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. A watan Nuwamba kuma ana ganin Kaza da 'Ya'yanta ta fito daga gabas da magariba. Wannan alama ce ɗari ya ƙaraso.

A duba ruwan fadama kuma. A shekarar ambaliya, kamar 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, fadama ba ta janyewa da wuri. Kada a jira ta. A yi renon iri a tudu kusa da rijiya. Kafin dashe ya isa, ruwa ya ja baya.

MASU SHUKA DA HASKEN WATA

A ƙasashe da yawa akwai masu cewa irin da aka shuka lokacin da wata ke girma ya fi saurin tsiro. A Turai ma akwai su. A shekarar 1924 wani malami ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Rudolf Steiner ya koyar da wasu manoma wata hanyar noma. Ya ce a ɗauki gona kamar jiki ɗaya mai rai, dabbobi su ci daga gona, takinsu ya koma gona, kuma a lura da wata da taurari. Daga baya wata Bajamushiya, Maria Thun, ta riƙa buga kalanda kowace shekara. Ta raba kwanaki kashi huɗu: na shuka mai saiwa, na mai ganye, na mai fure, da na mai 'ya'ya. Mabiya wannan hanya har sukan cika ƙahon saniya da kashin shanu, su binne shi a kaka, su tono bayan wata shida su dama a ruwa su yayyafa wa gona.

Masana aikin gona sun yi gwaje-gwaje a kan shuka da kwanakin wata. Ba su sami hujja mai ƙarfi cewa wata yana ƙara amfanin gona ba. Abin da aka tabbatar yana ƙara amfani shi ne iri mai kyau, da taki, da ruwa, da shuka a kan kari. Saboda haka idan ƙasa ta yi daidai kuma lokaci ya yi, kada manomi ya zauna mako biyu yana jiran tsayuwar wata.

Amma maganar mayar da taki gona gaskiya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni manomi yakan sauki Bafulatani a gonarsa bayan girbi. Shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki.

INDA WATA KE DA AMFANI

Wata agogo ne wanda kowa ke gani kyauta. Yana taimakon mai lambu wajen ƙirga kwana, ko da ba shi da kalanda.

Tumatir yana yin kamar mako huɗu a wurin reno. Wanda ya zuba iri ranar tsayuwar wata, idan wani watan ya tsaya dashe ya isa. Wanda ya zuba ranar 10 ga wata, sai ya duba ranar 10 ga wata mai zuwa.

Albasa da tattasai suna yin mako shida zuwa takwas. Wato wata ɗaya da rabi zuwa wata biyu. Wanda ya zuba ranar tsayuwar wata, idan wata na biyu ya kai daren sha huɗu sai ya fara duba dashensa.

Farin wata kuma yana ba da haske na ban ruwa da dare, da gadin lambu daga dabbobi.

YADDA AKE HAƊA TAKI

Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙone ƙananan tsiro. Yana kawo gara da irin ciyawa. Taki sai ya ruɓe yake da amfani. Ga yadda ake yi:

1. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa zuwa ƙugu, faɗinsa taku biyu.
2. A shimfiɗa yankakken kara da ciyawa da ganye.
3. A zuba kashin shanu ko na awaki ko na kaji a kai.
4. A barbaɗa toka kaɗan da ƙasa.
5. A yayyafa ruwa ya jiƙa, amma kada ya kwanta.
6. A maimaita haka har rami ya cika, sannan a rufe da ciyawa.

A tsame leda da gwangwani da fasassun kwalabe. A soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki a zaro ta a taɓa. Idan da ɗumi, taki yana nuna. A riƙa juya shi sau biyu a wata: ranar tsayuwar wata da ranar sha huɗu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya tafi. Ramin da aka cika a Sarfa zai isa amfani lokacin dashe. Wurin reno kuwa sai a sa masa tsohon taki na bara.

RENON IRI

A zaɓi wuri kusa da ruwa, wanda ba a noma tumatir ko albasa a cikinsa bara ba. A kafce ƙasa, a farfasa ta, a gauraya da tsohon taki. Faɗin wurin kada ya wuce kamu biyu, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Idan ana sauran ruwan sama, a ɗaga shi ya fi ƙasa tudu. Idan ruwa ya ɗauke sarai, fangali ya isa.

A ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu. A zuba iri kaɗan-kaɗan, a rufe da ƙasa mai laushi. A lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a ba da ruwa safe da yamma. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma iri zai tsiro. Nan da nan a kwashe ciyawar, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo ya yi rauni. Idan saura mako ɗaya a yi dashe, a rage ruwa domin ya yi ƙwari.

DASHE DA KULA

A yi dashe da yamma, rana ta yi sanyi. A jiƙa wurin reno tukuna domin saiwa kada ta tsinke. Dashen albasa ya isa idan kaurinsa ya kusa na fensir. A bar faɗin tafin hannu tsakanin albasa da albasa, kuma kada a binne ta da zurfi. Tumatir da tattasai a ba su kamu ɗaya. A ba da ruwa da zarar an gama.

Tumatir, tattasai, attarugu da gauta dangi ɗaya ne, ciwonsu ɗaya. Kada a mayar da ɗayansu inda ɗan'uwansa ya tashi bara. A sa albasa ko masara a wurin.

Idan ƙananan ƙwari suka fara tsotse ganye, a daka busassun 'ya'yan dogon yaro rabin kilo. A jiƙa a ruwa lita goma ya kwana. A tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A maimaita bayan mako ɗaya. Idan ɓarna ta ƙi tsayawa, a nemi malamin gona kafin a sayi magani a kasuwa.

Albasa ta nuna idan wuyanta ya yi laushi, lawashi ya kwanta. A daina ban ruwa kamar mako biyu kafin a cire ta. Albasar da aka cire da ruwa a jikinta ba ta ajiyuwa.

ABIN TUNAWA

Taurari da alamomin gari su ne ke faɗin lokacin zuba iri. Wata shi ne ke ƙirga kwanakin reno da na juya taki. Taki da ruwa su ne ke ciyar da shuka. Mai lambun da ya koyi rubutu ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da ya zuba iri, da ranar dashe, da yawan buhun da ya samu. Baɗi littafin zai nuna masa ranar da ta fi dacewa da fadamarsa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

TAMBAYOYI

1. Kwana nawa ne a shekarar wata? Kwana nawa ne a shekarar noma?
2. Me ya sa Mauludi ba zai zama ranar zuba iri ta kowace shekara ba?
3. A rubuta sunayen taurarin kaka guda bakwai.
4. A kawo alamomi uku da ke nuna damina ta wuce.
5. Me ya sa ba a sa ɗanyen taki a wurin reno?

LISSAFI

1. Taurari 7, kowanne kwana 13. Kwana nawa ke nan?
2. Manomi ya zuba irin albasa ranar 10 ga Oktoba. Zai yi dashe bayan kwana 42. Oktoba kwana 31 ne. Wace rana ce ranar dashe?