3.4 Shuɗaɗɗen Lokaci da Shuɗaɗɗe Mai Ci a Ingilishi

Wajibi ne mai koyar da fassara ya lura da sigogi biyu da Ingilishi yake bayyana aikin da ya gabata da su. Ta farko tana nuna aikin da ya kammala, kamar *she cooked*. Ta biyu kuwa tana nuna aikin da ake cikin yi a can baya. Akan gina ta da *was* ko *were*, sannan aikatau ya ɗauki ɗafa-ƙeyar *-ing*. Misali:

*She was cooking when the guests arrived.*
Tana girki baƙi suka iso.

A nan gizo ke saƙa. Kalmar "tana" ba ta ɗauke da alamar shuɗewa, "suka iso" ne ya mayar da ita baya. Shi ya sa ɗalibi Bahaushe yakan rubuta *she is cooking when the guests arrived*. Wannan ba sakaci ba ne, tsarin harshensa ya ɗauko. Haka kuma ba kowace "tana" ke zama *-ing* ba: "a lokacin tana da mota" fassararsa *she had a car then*, domin mallaka ba aiki ba ce.

Aiki: Fassara "Muna salla ruwa ya tsuge."