Hukunce-hukuncen Mai Bin Rafi Zuwa Magangarar Ruwa

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata al'ada da ta yaɗu tsakanin samari da 'yan makaranta a Dutse da kewayenta, watau fita yawon buɗe ido cikin damina. Da zarar ruwa ya zauna a watan Agusta, duwatsun da suka kewaye garin sun yi shar, sai a ga jama'a ƙungiya-ƙungiya suna bin ƙoramu zuwa inda ruwa yake zubowa daga kan falalen dutse. Waɗansu su nufi madatsar ruwa ta Warwade, waɗansu su zarce Birnin Kudu don ganin zanen shanu da mutanen dā suka bari a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, wanda Bature Bernard Fagg ya yi bincike a kansa a shekarun 1950. Ƙasarmu ta Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙoramunta kuwa na damina ne, saboda haka mai son ganin ruwa yana faɗowa daga bisa rani da damina sai ya yi doguwar tafiya zuwa Matsirga kusa da Kafanchan, ko Gurara a Jihar Neja.

Asalin irin wannan fita halal ne. In ma aka haɗa ta da niyyar lura da halittar Allah, ta zama abin lada, domin Suratul Gashiya ta kira mutane su dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, Suratuz Zumar kuma ta ja hankali ga ruwan sama da yadda ake shigar da shi cikin ƙasa ya zama idanun ruwa. Amma fa halaccin tafiya bai ɗauke wa matafiyi farilla ba. Abin baƙin ciki, sau da yawa akan fita da hantsi a komo da almuru, Azahar da La'asar sun wuce, ana cewa wai ba a sami ruwa mai tsarki ba, alhali kuwa a bakin ruwa aka yini.

To, bari mu daɗe a kan batun ruwan, don nan ne aka fi ruɗewa. A mazhabarmu ta Imamu Malik, ruwan da ake alwala da wanka da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canja ba da wani abin da galibi yake rabe da shi. Ruwan ƙorama da ya yi ja saboda laka, ko ya yi kore saboda gansakuka, ko ya yi ɗanɗanon kanwa saboda ƙasar da yake gudana a kanta, duk mai tsarkakewa ne, gama abin da ya canja shi mazauninsa ne ko abin da ya tsiro daga cikinsa. Haka nan ruwan da ya canja don daɗewa a wuri ɗaya. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta yi bayanin wannan. Kada jan ruwan damina ya hana kowa salla.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne kududdufin da shanu suke sha suna kashi a ciki har ya canja. Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa shi cikin ruwan da ba a ɗauke hadasi da shi, ko da yake kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne a wurinmu. Dalili shi ne kashin ba mazaunin ruwa ba ne, baƙo ne ya shigo ya canja shi. Game da ruwan da ganyen itatuwa suka ruɓe a ciki kuwa, malamai sun yi saɓani, kuma an sassauta a rijiyoyin daji inda kiyaye ruwa daga ganye yake da wuya. Mai bin rafi dai abin ya zo masa da sauƙi: ya ƙara 'yan taku zuwa sama inda ruwan yake gudu, ya ɗiba a can.

Wata rana kuma ruwan yana nan ana ganinsa, amma a ƙasan kwazazzabo yake, dutsen kuwa da santsi. Wanda ya ji tsoron halaka ko karaya in ya sauka, hukuncinsa hukuncin wanda ya rasa ruwa ne, sai ya yi taimama. Ba sai ya nemi rairayi ba, dutsen da yake tsaye a kai ya wadatar, domin a mazhabar Malik ana taimama da duk abin da yake na fuskar ƙasa mai tsarki, turɓaya ko yashi ko dutse. Sai dai ba a yin ta sai lokaci ya shiga, ba a kuma sallar farilla biyu da taimama ɗaya. Wanda yake sa ran isa ga ruwa ya jinkirta zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokaci, wanda ya fid da rai ya yi a farkonsa, mai kokwanto ya yi a tsakiya. Alƙibla daga Dutse gabas take da ɗan karkata zuwa arewa.

Ƙasaru fa? Mai zuwa Warwade ko Birnin Kudu daga Dutse ba ya ƙasaru, tafiyarsa ba ta kai baridi 4 ba, watau mil 48, kimanin kilomita 80. Mai zuwa Kafanchan ko Gurara ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Amma malamanmu sun ƙara wani sharaɗi da ya kamata samari su ji: tafiyar saɓo ba a ƙasaru a cikinta, tafiyar wasa zalla kuwa an karhanta. A ganina, wanda ya fita da niyyar ƙarin ilmi ko motsa jiki ko lura da ikon Allah bai shiga wannan karhanci ba. Wanda ya ɗauki kayan kiɗa da cakuɗar maza da mata, shi ya san abin da ya fita nema.

Shi kansa rafin yana da hakki. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga yin bayan gida a mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwar da mutane suke hutawa, Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hani ga yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Likitoci a yau sun nuna mana wani ɓangare na hikimar wannan. Mai cutar tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka. Yaron da ake gani yana fitsarin jini a ƙauyukan bakin fadama, wani ne ya riga shi zuwa ruwan ya karya wannan hani. Kurkunu ma ta ruwan kududdufi yake yaɗuwa, kuma sai a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Leda da robar ruwa da ake zubarwa a hanya su ma cuta ne, tunkiya ko saniya takan haɗiye leda ta mutu, ga shi kuwa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani.

Akwai kuma abin da yake taɓa aƙida. Har yanzu akan sami masu cewa wani gurbin ruwa ko kogon dutse yana da mai shi, sai an zuba masa nono ko an yanka kaza kafin a shiga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa Nurul Albabi game da masu girmama itatuwa da duwatsu da yanka. Aljanu halittar Allah ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma abin da aka koya wa wanda ya sauka a wani wuri shi ne neman tsari da Allah, ba yanka ga waninSa ba. Yawancin waɗanda aka ce ruwa ya ci, zurfin gurbin da faɗowar ruwa ta haƙa ne ya ci su, da juyawar ruwan a ƙarƙashi, da rashin iya iyo.

Saboda haka in za a fita a sanar da iyaye inda aka nufa, kada mutum ya tafi shi kaɗai, in an kai uku a naɗa ɗaya shugaba kamar yadda sunna ta koyar, a kuma bi maganarsa. Ƙorama takan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a can sama, ko da ɗigo bai sauka inda ake tsaye ba, mutanen Jigawa kuwa ba su manta ambaliyar 2022 ba. In shugaba ya ga hadari ya haɗo, ko ruwa ya fara zuwa da kumfa da karmami, ya ce a fita daga kwari a hau tudu, to bin umarninsa ya zama wajibi a kan kowa, ko da saura taku kaɗan a isa magangarar.