Darasin Girki: Basbusa, Kek ɗin Zuba-ka-Gasa

Darasinmu na wannan fitowa a madafa za mu yi shi, amma ba za mu bar allo da alli a baya ba, domin abin da za mu gasa yana da suna na Larabci, kuma sunan da kansa ya ƙunshi rabin bayanin yadda ake yin sa.

Dalilin ɗauko wannan darasi shi ne abin da muke gani a zangunanmu, daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi. Idan walimar saukar karatu ta zo, ko suna, ko Sallah, sai a ga gida ya ɗauki kuɗin da zai sayi littattafan zango guda na makaranta ya miƙa wa mai kek, don kada baƙi su ce an yi rowa. Wasu 'yan uwa mata kuma sun ga wani kek na Amurka a waya, wanda ake zuba 'ya'yan itacen gwangwani a faranti, a barbaɗa garin kek na kwali a kai, a jera yankan bota, a watsa wani ɗan itace mai suna pikan, a tura tanda ba tare da an juya ba. Sauƙinsa ya burge su, amma da suka shiga kasuwa sai suka tarar kayan duk na waje ne. Pikan ɗan asalin kudancin Amurka da arewacin Meziko ne, dangin abin da Larabawa ke kira jauz, kuma kafin ya iso Ankara ya sha kuɗin jirgi da na kwastan. Mu kuwa a ganinmu, sauƙin da sai an ci bashi kafin a same shi ba sauƙi ba ne.

To, akwai kek mai irin wannan sauƙi wanda kayansa ke kusa da mu. Za mu ɗauko shi daga Shifa, wata babbar unguwa ta zaman iyalai a kudancin Riyad, babban birnin Saudiyya, wadda hanyar Dirab ta ratsa ta. Da Larabci ana rubuta sunanta kamar yadda ake rubuta sunan littafin Alƙali Iyal da muke kira Ashafa. A irin waɗannan unguwanni, idan dangi suka taru a daren Juma'a, abin da ake fara kawowa shi ne gahawa a butarta da ake kira dalla, da ƙananan kofuna, da dabino, galibi Sukkari na Ƙasim ko Khalas na Ahsa'u. Bayan haka sai farantin abin zaƙi, kuma basbusa tana cikin waɗanda aka fi gani, ko an gasa a gida ko an sayo a shagon halawiyyat.

Ya kamata mu faɗi cewa basbusa baƙuwa ce a Riyad, an fi danganta ta da Masar da ƙasashen Sham. Mutanen Najadu suna da nasu na gado, kamar hanini, wanda ake kirɓa gurasar alkama da dabino a ɗumama da man shanu, abincin lokacin sanyi. A watan Janairun 2023 ma hukumar kula da fasahar girki ta Saudiyya ta ayyana maƙshush, wasu ƙananan wainar gari da ake zuba wa man shanu da zuma, a matsayin abin zaƙi na ƙasa. Amma basbusa ta zauna daram a gidajen, saboda ba ta bukatar ƙwai, ba ta bukatar injin bugawa, kuma faranti ɗaya yana isar ɗaki cike da baƙi.

Sunan da ma'anarsa

Ɗalibanmu na sarfu su buɗe kunne. Kalmar ta fito daga tushen ba'un da sinun biyu. Idan Balarabe ya ce bassa, yana nufin ya cuɗa gari da mai har ya yi warwar, kuma daga nan aka sami basisa, abincin gari da mai da ake ci a Arewacin Afirka. Wannan tushe ya zo a Suratul Waƙi'a, aya ta 5, inda ake bayanin yadda za a niƙe duwatsu. Ku riƙe wannan ma'ana, domin za ta yi mana aiki nan gaba: ana cuɗawa ne, ba a tuƙawa. A Falasɗinu da Jodan ana ce mata harisa, a Labanan nammura, Turkawa kuma suna da 'yar uwarta da suke kira rawani.

Mu ma ba baƙinta ba ne. Duk wanda ya san alkaki ya san tsakin alkama da ake kwaɓawa da mai da nono, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Basbusa ita ce alkakin da aka hutar da mai yin sa daga murzawa da suya. Kalmomin ma tare suka zo mana: alkama daga alƙamhu, alkaki daga alka'aku, alewa daga halwa, sukari daga sukkar.

Kayan da za a tanada

Awonmu shi ne kofin shayi madaidaici, mai cin kusan mililita 240, kuma kofin da aka fara da shi da shi za a ƙare. Ana bukatar kofi 2 na samid, wato garin alkama mai tsaki-tsaki wanda ake rubuta wa semolina a jikin leda, rabin kofi na sukari, rabin kofi na gogaggiyar kwakwa, kofi 1 na kindirmo ko yogot marar sukari, rabin kofi na narkakken man shanu ko bota, ƙaramin cokali 2 na bekin foda, ɗan gishiri, da gyaɗa, wadda a nan muke cewa gujiya, kamar cikin hannu guda. Na ruwan zaƙi kuma, sukari kofi ɗaya da rabi, ruwa kofi ɗaya da rabi, da ƙaramin cokali na ruwan lemun tsami.

Samid shi ne ginshiƙi. A sa yatsa biyu a murza: idan an ji shi kamar yashi mai laushi, shi ne. Idan ya yi sulɓi kamar fulawa, abin da zai fito zai danƙare kamar tuwo, kuma ruwan zaƙi ba zai sami hanyar shiga ba.

A Riyad abin da aka saba ɗorawa a kai shi ne lauz, wato almon, masu hali kuma su sa fustuƙ ko pikan. Gujiyarmu ta arewa tana tsaya musu tsaf, haka ma yazawar da ake nomawa a yankin Wenchi da Sampa. Sai dai a nan akwai gargaɗi da ba ma so a tsallake. A zauna a tsince gujiyar ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yamutse, ko ta canza launi, a zubar. Fumfunar gujiya tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin, mai lahani ga hanta, kuma zafin tanda ba ya kawar da ita gaba ɗaya. A ɗan soya ta sama-sama yadda ɓawon zai fita, kada a bari ta yi ja, domin za ta ƙarasa nuna a tanda.

Ruwan zaƙi tukuna

Da shi ake farawa. Mutanen Saudiyya suna ce masa shira, mutanen Sham ƙaɗar, Misrawa sharbat. A zuba sukari da ruwa a tukunya, a juya har sukarin ya narke, daga nan a cire cokali a bar shi ya tafasa, a zuba lemun tsami, a rage wuta na minti 8 zuwa 10. Amfanin lemun ba ɗanɗano ba ne kawai: tsaminsa yana raba wani sashe na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, wannan ne ke hana ruwan komawa ƙanƙarar sukari idan ya huce. Alamar ya yi ita ce a ɗiga a faranti, in ya huce a taɓa, a ji ɗan danƙo a yatsa amma yana gudana. Idan ya yi kaurin zuma ya wuce, a ƙara ruwa kaɗan a sake tafasawa. Mai son ƙamshi ya jefa 'ya'yan hel uku, wato kadamon, ko kanumfari biyu da 'yar citta.

Kwaɓi da gashi

A haɗa samid da sukari da kwakwa da bekin foda da gishiri a kwano. A zuba man shanu a cuɗa da yatsu har kowace ƙwaya ta sha mai. Wannan shi ne bassa ɗin da muka ambata, kuma shi ne matakin da masu gaggawa suke tsallakewa su yi nadama. Man yana lulluɓe ƙwayoyin alkamar, sai ya hana danƙon da ke cikinta tashi, irin danƙon nan da ke sa ƙullin funkaso ya riƙa jan zare. A funkaso ana neman sa, a basbusa gudun sa ake yi. Sa'an nan a zuba kindirmo a juya sau kaɗan, da zarar busasshen gari ya ɓace a tsaya. Ɗan uwa mai ƙarfin damtse ya ajiye ƙarfinsa, ba tuwon zafi yake tuƙawa ba.

A shafa mai a faranti mai faɗin santimita 20 da tsawon 30. Misrawa da yawa suna shafa ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, yana ba ƙasan launi da ƙamshi. A zuba ƙullin, a jiƙa tafin hannu a daidaita samansa, a bar shi ya huta minti 15 zuwa 20 don samid ya sha ruwa ya kumbura. Sai a ja layi da wuƙa, a raba gida huɗu ta nan gida shida ta can, yanka 24 ke nan, a danna gujiya ɗaya ko biyu a tsakiyar kowanne. A gasa a zafin digiri 180 na Salshiyas, minti 30 zuwa 35, har gefen ya yi ja kuma saman ya yi ruwan zuma.

Mun san yawancin gidajenmu na haya babu tanda, kuma wannan ba ya hana komai. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsa uku, a ɗora a kurfoti a rufe har yashin ya yi zafi sosai. A ɗora farantin a kan yashin ko a kan ƙananan duwatsu uku, a rufe da murfin ƙarfe, a kwashi garwashi a zuba a saman murfin. Garwashin sama ya fi na ƙasa yawa, in ba haka ba ƙasa zai ƙone saman yana fari fat. Kada a riƙa buɗewa kafin minti 25. A yi wannan aiki a tsakar gida inda iska ke shiga, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Wanda ke maƙwabtaka da masu gasa burodi kuma, yana iya roƙon a sa masa farantinsa bayan sun kwashe nasu, lokacin da tandar ta ɗan lafa.

Inda aka yi saɓani

Wajen zuba shira masu girki sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a zuba mai sanyi a kan kek mai zafi, wasu, musamman a Masar, sun ce mai zafi a kan mai zafi. Abin da duka suka haɗu a kai shi ne kek ɗin ya kasance yanzu ya fito daga wuta, domin in ya huce ƙofofinsa sun rufe, ruwan sai ya kwanta a sama. Ga mai koyo mun fi zaɓar na farko, ya fi wuyar lalacewa: shira mai ɗumi-ɗumi, a bi layukan da wuƙa tukuna, a zuba da ludayi daga gefe zuwa tsakiya. Za a ji yana 'yar ƙara. A rufe, a bar shi aƙalla awa ɗaya. Wanda ya kwana ya fi daɗi.

Lissafin sukari

Yanzu a ɗauko alƙalami. Kofin sukari kusan giram 200 ne. Mun sa rabin kofi a ƙulli da ɗaya da rabi a shira, jimla giram 400. A raba 24, kowane yanka ya tashi da kusan giram 17, wato ƙaramin cokali 4. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50. Ke nan yanka uku sun cinye rabon yini, ba a lissafa sukarin koko da na shayi da lemun kwalba ba. Saudiyya kanta tana fama da ciwon sukari, har a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemun kwalba mai gas. Mu ma kowa ya san wani dattijo ko gyatuma a zango da ke kan allura.

A nan ne tsarin shan gahawa na mutanen Riyad ya burge mu. Gahawarsu ba a sa mata sukari, ɗacinta da ƙamshin hel su ne ke tare zaƙin, kuma kofin ƙarami ne, yankan ma ƙarami. Mu kuwa sai mu haɗa yanka mai cika tafi da shayin da cokali ke iya tsayawa a ciki. Idan za a kawo wa baƙi basbusa, a haɗa ta da shayi marar sukari ko ruwan citta, kuma ana iya rage shirar zuwa kofi ɗaya na sukari da ɗaya na ruwa ba tare da kek ɗin ya bushe ba. Mai ciwon sukari a ware masa gujiyar da gahawar, kada a matsa masa da cewa ɗanɗanawa kawai zai yi.

Wanda ya ƙware yana iya yanka ta ƙanana ya sa a leda ya kai bakin makaranta ko tasha, amma ya fara rubuta kuɗin kowane kaya har da gawayi da leda, ya raba da yawan yankan, kafin ya yanke farashi. A zafin garuruwanmu basbusa tana yin kwana biyu a rufaffen kwano a wuri mai inuwa, a firji kuma kusan mako guda. Idan da ɗanyar kwakwa aka yi ta, a cinye a ranar ko washegari.