Ga Ɗana Mai Son Kimiyya a Tafoki

 Babanka ya shaida mini cewa ka addabi kowa a gida da tambaya: me ya sa damina take rikicewa, mene ne ɗumamar duniya da ake ta faɗa a rediyo, kuma ta ina za ka kama kemistiri da fizis tunda a aji ba su zauna maka ba. Shi ƙara ya kawo, ni kuwa murna na yi. To, saurara.

Kada ka fara daga sama. Yara da yawa so suke su faɗa maganar sauyin yanayi kai tsaye saboda ita ake yayi, alhali ilimin yanayi ba gashin kansa yake ci ba, a kan fizis da kemistiri da lissafi aka gina shi. Wanda bai san yadda zafi ke tafiya ba, haddar manyan kalmomi kawai zai yi.

Je ka duba randar da ke ɗakin mahaifiyarka. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma daga ruwan cikin randar yake ɗebo shi, shi ya sa na ciki ke sanyi. Zafin ba kaɗan ba ne: abin da ake bukata a mai da lita ɗaya tururi ya ninka sau biyar abin da ake bukata a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Ka lura randa ta fi sanyaya ruwa da rani fiye da watan Agusta, domin da damina iska ta ƙoshi da laima. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin lalacewa, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Kuma zafin nan da tururi ya ɗauka ba ɓacewa yake ba. Idan tururin ya hau sama ya koma ɗigon ruwa, sai ya sake shi, wannan ne ke ba hadari ƙarfin da kake gani yana tumbuke rufin kwano.

Daminarmu iska biyu ce ke yin ta. Mai laima tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, busasshiya tana gangarowa daga Sahara, ita ce hunturu. Mahaɗarsu tana hawa arewa da bazara, ta koma kudu da kaka. Shi ya sa Sabuwa da Faskari suke riga Jibiya da Daura samun ruwa, kuma suke fin su, har masara da auduga suke yi mana kyau. Za ka ce to me ya sa hadari daga gabas yake fitowa? Can sama akwai wata iska mai kaɗawa daga gabas, ita ke turo shi yamma.

Ɗumamar duniya kuwa ga gindinta. Rana tana dafa ƙasa, ƙasa tana mai da zafin sama ta wani haske da ido ba ya gani, iskar kabon da tururin ruwa suna tare wani sashe nasa. Ba sabuwar magana ba ce. John Tyndall ya gwada ta a Ingila a 1859, Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafinta a 1896. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan na iska kusan 280 ne kabon. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa a 1958 ya tarar da kusan 315, yau ya wuce 420, saboda ƙona fetur da gas da kwal da sare dazuzzuka. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1, kuma kowane digiri yana sa iska ta iya riƙe ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Ka ga dalilin da ya sa ake tsoron ruwa mai zuba da yawa a dare ɗaya.

Amma ina jan kunnenka, ba kowace masifa ce za ka ɗora wa sauyin yanayi ba. Mu mun ga farin 1973 da na 1984, kuma kakanninmu sun ba mu labarin yunwa tun kafin mota ta yi yawa. Idan ruwa ya ci gidaje, kamar yadda ya yi a Jibiya a 2018, ka tambayi yawan ruwan, ka kuma tambayi inda aka yi gini da halin magudanai. Damina ɗaya ba ta isa shaida ba, masana sai sun tara awon shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri.

Kemistiri ma yana kicin. Jiƙa zoɓo ka raba shi kofi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka zuba ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya sake kama. Darasin asid da kishiyarsa ke nan, wanda ake zana muku a allo kuna hamma. Buhun yuriya da babanka ke saya an rubuta 46 a jikinsa, wato kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. In aka watsa ta a kan ƙasa aka bari rana ta doke ta, wani sashe yana tashi ya bi iska, kuɗi ya tafi, shi ya sa malaman gona ke cewa a binne. Lambobi uku na jikin buhun kamfa ma ka nemi ma'anarsu. Sai dai ban yarda ka taɓa ruwan batir ko maganin feshi da sunan gwaji ba.

Yanzu ga aikin da nake so ka ɗauka, kuma shi ne ya fi duk abin da na faɗa. Samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne. Kafa shi a fili cikin gida, nesa da indararo da bishiya, inda akuya ba za ta ture shi ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya ka sa rula ka auna zurfin ruwan, ka rubuta da kwanan wata, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, kada ka bar gurbi, kuma ranar da ka manta ka rubuta cewa ka manta, kada ka ƙirƙira lamba. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ka rubuta ranar ruwan shuka, da kwanakin da ruwa ya ɗauke, da ranar na ƙarshe. In hukumar kula da yanayi ta NiMet ta fitar da hasashenta na shekara, ka gwada da littafinka. Ka kuma zauna da tsofaffin manoma, ka rubuta abin da suka tuna a wani shafi dabam, kada ka gauraya abin da ka auna da abin da ka ji.

Lissafi kuwa ba makawa, kada ka guje shi. Ba baƙo ba ne a ƙasar nan: Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutu a kansa da Larabci, ya rasu a Alƙahira a 1741. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar kafin ya shiga siyasa. Ka riƙe tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB kana warwarewa da hannunka, domin jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-Ma ba su yi maka nisa ba. Bidiyon waya yana taimako, amma kallo ba warware lissafi ba ne.

Na san halin da ake ciki. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, zuciyar iyaye ba ta kwanta ba, ban kuwa ga laifinsu ba. Ka bi maganar babanka kan inda za ka je da inda ba za ka ba, babu abin da na lissafa maka da ke bukatar shiga daji. Ka kafa gwangwaninka kafin ruwan farko, in kaka ta yi ka kawo mini littafin mu duba tare. Ka gaida mutanen gida.